Shiri na Musamman: Jirgin da Ya Zama Gida

Garin Jos yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma ko da yake babu kogin da jirgi zai iya bi a cikinsa, daga wannan tsauni ne Kogin Kaduna yake tasowa ya gangara ya faɗa Kwara, Gongola ya nufi Binuwai, rafin Dilimi da ya ratsa gari kuma ya bi ta Jama'are zuwa Tafkin Chadi. Kogin Kwara ɗin nan shi ne yake ɗaukar jiragen mutanen da shirin yau ya shafa, wato Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi da Yawuri waɗanda masana ke danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, kuma waɗanda masanin nan Bafaranshe Jean Rouch ya yi rubutu kan yawon sunsu a 1950.

Basarke da ya fita doguwar tafiya yakan yi watanni jirginsa ne ɗakinsa, shi ne rumbunsa, shi ne kuma madafinsa. A tsakiyar jirgin ake kafa rumfa ta tabarma ko tamfol inda ake kwana, ana ajiye gero da gishiri da ashana a inda danshi ba zai kai ba, murhu kuwa akan ɗora shi bisa yashi ko yumɓu don kada wuta ta taɓa katako. Da yamma ake shimfiɗa taru da mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi, da asuba a ɗaga, sa'an nan a tsaya a wani tsibiri ko tungar masunta a yi banda, ma'ana a kyafe tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa da hayaƙi don kada su ruɓe kafin kasuwa. Tafiyar tana bin yanayin Kwara, wanda ke cika sau biyu a shekara: farin ruwa mai laka da damina ke kawowa, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso lokacin hunturu.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ya fi ƙanƙanta a ido, wato kwarfe ruwa. Babu jirgin katakon da ba ya tsatsafo, saboda haka mai jirgi yakan fara yininsa da ƙwarya ko yankakken galan a hannu, kuma daga yawan abin da ya kwarfe yake gane lafiyar jirginsa, domin idan ruwan yau ya fi na jiya, to wata gaɓa ta buɗe. Sai ya bi tsakanin katakai da yatsa har ya gano wurin, ya cusa auduga ko tsumma da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe, idan tsagar ta yi faɗi kuma ya buga gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Masassaƙa sun fi son maɗaci da kawo saboda jure ruwa, amma ko su rana tana tsaga su idan aka bar jirgi a tudu ya bushe. Zuwan injin jirgi ya ƙara wasu ɗawainiyoyi, kamar gauraya fetur da baƙin mai daidai gwargwado, da goge fulogi, da cire ciyawa da tsohon taru da ke naɗe farfela, kuma mai hankali ba ya barin filafili da gora a gida don ya dogara da inji.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin ya koma tafki mai faɗi daga wajen Yawuri zuwa Sabuwar Busa, igiyar ruwa ta ƙaru, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye kuma suka zama tarko ga jirage. Hatsarin da ya auku kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasa rayukansu, ya nuna abin da tsufan katako da lodi fiye da kima ke haifarwa, shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, take nanata sanya rigar kariya da barin tafiyar dare.

Bandar kifin da ake saye a kasuwannin Jos ta biyo ta hannun irin waɗannan mutane, kuma haƙƙinsu ne a samar musu katako mai kyau da rigunan kariya a farashin da za su iya, a kuma tsare dazuzzukan da maɗaci ke fitowa. Allah Ya kare masu bin ruwa, Ya mayar da kowa gida lafiya.