Tukunyar suya da iska: ta ci kuɗinta a gidajenmu?



Wata tukunyar lantarki ta shigo gari, ana ta maganarta. Ana ganinta a kantunan Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, ana kuma ganin hotunanta a Facebook da WhatsApp, inda ake nuna kaza ta fito ja-wur ba a zuba mai ba. Ƴan kasuwa na ce mata eya-firaya. A kwalin da ya fito daga Faransa za ku ga an rubuta friteuse sans huile, wato abin suya ba da mai ba. Mu nan za mu kira ta tukunyar suya da iska. Kuɗinta jikkoki ne gomomi, kuma sau da yawa ɗa ne ko ƙane da ke ci-rani ke son ya saya wa mahaifiya ko uwargida, musamman in azumi ya gabato. To, kuɗin gumi ne. Kafin a fidda su, ya kamata a san abin da za a saya.

Mene ne a cikinta?

Duk da sunan da aka ba ta, aikinta gashi ne. Ƙaramin gidan gashi ne mai aiki da kuran. A samanta akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi, irin na dutsen guga. Bisa ƙarfen akwai fanka mai hura iskar da ta yi zafi, tana zagaya abincin da ke cikin wani kwando mai huji-huji. Zafin kan kai digiri 200. Iskar ce ke busar da bayan abincin har ya yi ƙamas-ƙamas, ya yi kama da soyayye. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fara fito da ita kasuwa a 2010, a wani bajekolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus. Yau kamfanoni barkatai ke ƙera ta, mafi yawa a ƙasar Sin.

An ƙera ta ne don gidan da mutum biyu zuwa huɗu ke cin abinci, wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma abin da suka fi ci shi ne dankalin Turawa da yankakkiyar kaza daga firigo. Ku riƙe wannan a rai, don daga nan duk sauran maganar ta taso.

Tambaya ta farko: wutar gidan

Yawancin waɗannan tukwane na jan wat 1,200 zuwa 2,000. Mu ɗauki mai wat 1,500. Ƙwan fitila na zamani wat 10 yake ci. Ke nan in an kunna ta, kamar an kunna ƙwai 150 ne a lokaci guda. A wutarmu ta bolt 220, tana jan kusan amfer 7. In kwantar gidanku ƙarama ce, mai amfer 5, za ta riƙa yankewa. In kuma gidan haya ne da ɗakuna da yawa ke kan kwanta ɗaya, kun san rigimar da ke tashi ranar da faktir ta zo.

Ga masu fanno na hasken rana, lissafin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da amfer 100, irin wanda ake gani a gidaje da yawa, abin da yake ajewa bai wuce kilowat 1 da ɗan ɗori ba, kuma rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Suya ɗaya ta minti 20 na iya cin kusan rabin kilowat. Wato faranti ɗaya na dankali ya shanye wutar da za a kwana da ita, ta fitila da fanka da cajin waya. Na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida ma, in ba ta kai wat 2,000 ba, ba za ta ɗauka ba. Haka ƙaramin injin wutar nan da bai kai wat 1,000 ba: da an jona, zai yi gurnani ya mutu.

Ko wanda ke kan layin NIGELEC ya san halin da ake ciki. Kafin 2023, kaso mai yawa na wutar ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa. Kowa ya tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023, bai dawo ba sai a Maris na 2024. A watannin zafi kuwa, Afrilu da Mayu, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. In kuran ta tafi kaza na tsakiyar gasuwa, dole a hura gawayi a ƙarasa ta nan take. Naman da bai nuna ba, ba a ajiye shi cikin zafin digiri 40 ana jiran wuta ta dawo, ciwon ciki ake saya.

Sannan mu faɗi gaskiya: a Nijar, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuma abin bai kai haka ba. Ga mafi yawan ƙauyukanmu, maganar ta ƙare tun daga nan.

Tambaya ta biyu: me ake dafawa a gidan?

Akwai abubuwan da take yi da kyau. Kaza da zabo da aka yanyanka, kifi, tsire, awara, dankali, doya, ayabar suya, duk suna fitowa lafiya in an shafa musu mai cokali ɗaya. Tana gasa ɗan kek, tana kuma ɗumama abin da ya kwana ya dawo kamar sabo. Ba hayaƙi, ba fallatsar mai, ba a tsaye a kanta ana fifita. Sai dai a jawo kwandon a girgiza sau ɗaya ko biyu.

Amma ku duba abin da muka fi soyawa. Ƙosai ƙullu ne mai ruwa. Abin da ke kama shi ya dunƙule ya tashi shi ne faɗawa cikin tafasasshen mai. In kin zuba ƙullun a kwando mai huji, zai tsiyaye ƙasa. Fanke haka. Masa tana son tandarta. Dubulan na son mai mai zurfi. Tuwo, da miya, da dambu, da shinkafa da wake, da kunu, waɗannan ba su da hulɗa da ita ko kaɗan. Ke nan ba za ta maye gurbin murhu ba. Ƙari ce a kan abin da ke akwai.

Naman layya ma kada a sa rai. Hikimar suyar layya ita ce a soya nama cikin kitse da mai har ruwansa ya ƙone, ya yi watanni bai lalace ba. Rago guda a kwandon da ke ɗaukar ƙasa da kilo ɗaya a zubi, sai a wuni a kwana ba a gama ba, kwanta na ta gudu.

Tambaya ta uku: baki nawa ne?

Kwandon yawancinsu lita 3 zuwa 6 ne. Kuma ba a cika shi, don in an danƙara iska ba ta ratsawa, na sama ya ƙone na ƙasa bai nuna ba. Zubi ɗaya na ɗaukar minti 15 zuwa 25. A gidan mutum uku, zubi ɗaya ya isa. A gidan mutum goma sha biyu, zubi huɗu ne ko biyar, sama da awa guda. Kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce, ga ladan na shirin kiran magariba. Kaskon suya babba a kan gaz ya gama wannan aiki tun tuni.

Maganar lafiya fa?

Nan ne masu talla suka fi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai cokali ɗaya babba na ɗauke da kalori wajen 120, abin da aka tsoma a mai kuma yana shan cokula da yawa. Ga man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi, wanda ba alheri ba ne ga jiki. Wanda likita ya ce ya rage maiƙo saboda ƙiba ko ciwon zuciya, tukunyar za ta taimake shi ya ci abin da ransa ke so da ɗan mai kaɗan.

Sai dai fa ba magani ba ce. Ba ta rage gishiri, ba ta rage dunƙulen magi, su ne kuwa abokan gabar mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai ciwon suga kuma ya sani, dankali dankali ne, ko da iska aka gasa shi. Wani abu kuma: abinci mai sitaci in ya sha zafi har ya yi duhu, yana fitar da wani sinadari da masana ke gargaɗi a kansa, a kasko ne ko a wannan tukunya. A sauke shi yana ruwan zinariya, kada a bari ya yi baƙi.

Iyaye mata, ku saurari wannan da kyau. Maganar rage mai ta manya ce masu ƙiba. Yaro ƙarami da aka yaye yana buƙatar mai. Ɗan man gyaɗa ko ƙuli a kununsa na daga abin da ke tsare shi daga tamowa. Kada tallar waya ta sa a janye wa yaro maiƙo.

In ana maganar lafiyar mai girki, babban abin da ke cutar da ita hayaƙin itace ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na kashe mutane wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Tukunyar suya da iska ba za ta raba uwa da wannan hayaƙi ba, tunda tuwo da miya na nan kan murhu. Abin da ke raba ta da shi butelin gaz ne. Tun 2011 matatar SORAZ da ke jihar Damagaram ke fitar da gaz a ƙasar nan, kuma buteli mai kilo 6 da kan girkinsa na dafa komai, daga ruwan shayi har tuwon dare, ko da wuta ko babu. Inda gaz ke wuyar samu, murhu mai tattalin itace irin Mai Sauƙi na rage itacen da ake ƙonawa.

Ga ƴan uwa da ke waje

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka saya, bugo waya ka tambayi Inna ko uwargida waɗannan abubuwa uku: wace irin wuta ce a gidan, me ake dafawa kullum, mutum nawa ke ci. Ka tambaye ta kuma, in kuɗin aka ba ta a hannu, me za ta fara saya. Wataƙila ta ce gaz. Wataƙila ta ce buhun hatsi.

In amsa ta nuna tukunyar ta dace, to duba rubutun da ke ƙarƙashinta. Wadda aka saya a Amurka ko Kanada ta bolt 120 ce. In aka jona ta a wutar Nijar za ta ƙone, tana ma iya tada gobara. Na'urar rage wuta da za ta iya ɗaukarta kuwa nauyi gare ta, ga tsada. A nemi wadda aka rubuta 220 zuwa 240 a jikinta. Ta Faransa, da Beljiyam, da Jamus ta dace da firiz ɗinmu kai tsaye. Wadda ta fito daga Kano, ko Legas, ko Akara, ko Ingila, wutar ɗaya ce, amma kan wayarta sau da yawa mai ƙafa uku ne masu faɗi. Gara mai gyaran wuta ya canja kan da mai kyau, da a riƙa cusa ta a ɗan mahaɗi mai araha da ke narkewa.

Tsakanin mai maɓallin murɗawa da mai gilashin taɓawa, mai murɗawa ta fi dacewa da mu. Ta fi jure hawa da saukar wuta, masu gyara sun fi gane kanta, kuma wadda ba ta yi lakkol ba za ta iya aiki da ita ba tare da ta jira yaro ya dawo ba. A kanti, a sa mai kaya ya kunna ta a gabanka, ka ji fanka na juyawa, ka ji zafi ya taso. Ta hannu kuma a duba cikin kwandon: in baƙin shafen ya fara ɓarewa, a bar ta.

In ta shigo gida

A jona ta a firiz na bango ita kaɗai. Siririyar wayar ƙari da ake cajin waya da ita ba ta iya ɗaukar amfer 7, zafi take yi ta narke. A ɗora ta bisa tebur ko daɓe, ba bisa tabarmar roba ba, a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango don bayanta na fitar da iska mai zafi. A nisanta ta da labule da hannun yara. A wanke kwandon bayan kowace suya da soso mai laushi, soson ƙarfe na kankare shafen. In wuta ta ɗauke a zare ta, don dawowar kuran da ƙarfi ke kashe kaya. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle in ta huce, saboda ƙura. Kaza kuma a tsaga wajen ƙashi a duba, in da sauran jini a mayar.

To, a saya ko kada a saya?

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa a birni, mai kwanta tasa ta kansa, mai iyali kaɗan, wanda ya riga ya mallaki gaz, kuma ake yawan cin kaza da kifi da dankali a gidansa, tukunyar za ta yi amfani, za ta kuma rage kuɗin mai. Haka amarya da ango da ke su biyu, ko dattijon da likita ya hana maiƙo. Ga babban gida, ko gidan da ke kan ƙaramin fanno, ko ƙauyen da layin wuta bai kai ba, za ta ƙare ne a saman kabad cikin jeren kwanoni, an rufe ta da leda. A irin wannan gida, a fara da gaz ko murhu mai kyau.

Wadda ke da wannan tukunya a gida, muna son jin yadda ta same ta: nawa ta ƙara mata a faktir, me ta yi mata da kyau, me ta kasa. Ku aiko da saƙonku, za mu karanta a shirin mata. Allah ya sa albarka a abin da ake nema, ya kuma kai na nesa gida lafiya.