Bututun da ke ƙarƙashin daɓe: Inda masu gyaran gida a Mafara, Bakura da Maradun ke tafka asara

A cika tanki da magariba, a wayi gari ya ragu sosai alhali babu wanda ya buɗe famfo. Magidanta da dama da suka sabunta gidajensu a Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san wannan damuwa, kuma sau da yawa bakin zaren yana ƙarƙashin tayil ɗin da aka kashe wa kuɗi.

Yankin ba baƙon ruwa ba ne. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato tana nan kusa, sai dai an gina ta ne musamman domin noman rani. A cikin gari, gidaje da yawa sun dogara da rijiya ko burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Wanda ya samu hali sai ya ɗora tanki, ya shigar da banɗaki da kicin cikin ɗaki, a fasa tsohon daɓe a binne bututu.

A nan ake yin gaggawar da ke jawo da-na-sani. Birkila na jira, siminti ya iso, sai a zuba kankare tun mai aikin famfo bai gwada layin ba. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce a toshe bakunan bututun, a cika shi da ruwa da matsi, a bar shi ya kwana. Idan akwai yoyo, gyaransa a lokacin ɗan ƙaramin aiki ne. Bayan an daɓe kuwa, sai guduma, kuma ba lallai a sake samun irin tayil ɗin a kasuwa ba.

Yawancin yoyo daga mahaɗa yake farawa. Shi ya sa ƙwararru ke son bututu ya ratsa ƙarƙashin ɗaki a miƙe, a bar mahaɗu a jikin bango ko waje inda hannu zai kai. Tsohon bututun ƙarfe yana tsatsa, gara a cire shi gaba ɗaya. PVC da ake haɗawa da gam ya fi araha amma ba ya jure ruwan zafi. PPR kuwa narka bakinsa ake yi da inji a zafin kusan digiri 260, ya haɗe ya zama abu guda. Idan aka wuce lokacin narkawa, ramin na tsukewa, ruwa ya riƙa zuwa a raunane.

Ana shimfiɗa bututun a kan yashi mai laushi, a rufe shi da yashi, kada tsakuwa ko guntun bulo su taɓa shi. Inda zai ratsa harsashin gini, a zura shi cikin wani bututu da ya fi shi faɗi.

Akwai kuma batun lafiya. Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, bututun da ya tsage na iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Idan an binne shi rami ɗaya da bututun masai, abin ya shafi tulun gida, a jihar da ta sha fama da kwalara a 2021.

Abu na ƙarshe kyauta ne: kafin a zuba kankare, maigida ya ɗauki hoton layin da wayarsa, a auna tazararsa daga bango a rubuta. A kuma sa makunni daban ga kowane banɗaki, domin ranar da wani ya lalace a rufe shi kaɗai.