Ina Kamfanin Fijo Ya Shiga?

Mu da muka tashi a arewa mun san Peugeot, wato Fijo, kamar ɗan gida. Tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri cikin Kaduna, kuma 504 ta yi shekaru tana jigilar fasinja da buhunan hatsi a hanyar Jos da Zariya. Amma da yawa cikinmu ba su san cewa Fijo ba ta cin gashin kanta yanzu ba.

A watan Janairu na 2021 kamfanin Faransa mai Peugeot da Citroën ya haɗe da Fiat Chrysler, aka haifi wani ƙaton kamfani mai suna Stellantis, hedkwatarsa a ƙasar Holan. Sunayen motoci 14 suka koma inuwa ɗaya, ciki har da Opel, Fiat, Maserati, Jeep da Ram. A 2023 kamfanin ya yi cinikin Yuro biliyan 189.5, riba kuwa biliyan 18.6.

Sai dai mafi tsokar ribar ba daga Fijo ta fito ba. Daga Amurka ta fito, inda ake sayen Jeep da manyan a-kori-kura na Ram da tsada. To, a 2024 kasuwar can ta juya. An tsawwala farashi, masu saye suka ja baya, motoci suka yi ta taruwa a filayen dillalai. Ribar shekarar ta faɗi zuwa biliyan 5.5, wato kashi 70 cikin 100 ya tafi, kuma shugaban kamfanin, Carlos Tavares, ya ajiye aiki a watan Disamba. Antonio Filosa ya gaje shi a 2025. A ganinmu kwaɗayin riba ne ya jawo wannan. A Sin ma abin bai yi daɗi ba, don masana'antar Jeep ta can ta durƙushe tun 2022. A Brazil ne Fiat ta riƙe gaba.

Me ya shafe mu? A 2022 sabuwar masana'antar da Dangote ya kafa tare da Stellantis a hanyar Kaduna zuwa Abuja ta fara harhaɗa Fijo. Ma'aikatanta, da makanikai da masu sayar da kayan gyara a Panteka, duk suna jiran shawarar da ake yankewa a Turai, wurin mutanen da hankalinsu ya fi karkata ga kasuwar Amurka.