Bututun da ƙwayar jini ke haɗiyewa da magani a jikinsa

A shekarar 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wa duniya wani bututu na sinadarin kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Nanotub ake ce masa. Mafi siranta a cikin irinsa, sai an jera dubun dubata kafin su kai kaurin silin gashi guda.

Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne yadda jiki ke karɓarsa. Bryan Smith da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna a 2014 cewa idan aka zuba bututun a jinin ɓera, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, masu suna monosait, shi ke haɗiye shi, sauran kuwa kusan ba ruwansu. Waɗannan ƙwayoyi da kansu suke tafiya duk inda kumburi yake. Ga ɗan aike ya samu.

Ina za a aike shi? Kitsen da ke daskarewa a bangon jijiyar jini, wanda ke jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, cike yake da matattun ƙwayoyi. Aikin makrofej ne, masu sharar jiki waɗanda monosait ke rikiɗa su zama, su cinye su. Sai dai matattun suna ɗauke da wata alama, CD47, mai hana a taɓa su. Maganin da ke toshe alamar a duk jiki yakan haddasa ƙarancin jini, domin da ita jajayen ƙwayoyin jini suke kare kansu. A 2020, Smith da Nicholas Leeper suka ɗora wa bututun maganin da ke kashe wannan umarni na hana taɓawa daga cikin makrofej ɗin kansa, suka gwada shi a jikin ɓeraye. Kitsen jijiyoyin ɓerayen ya ragu, jininsu bai ƙone ba. A 2024 aka ba da rahoton gwaji a jikin aladu, nan ma babu ƙarancin jini.

A ganina dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ban yarda a yi gaggawa ba. Tun 2008 masu bincike a Edinbura suka ga dogayen bututu masu tauri suna raunata cikin ɓera kamar yadda zaren asbestos ke yi. Na magani gajeru ne, an kuma lulluɓe su da sinadarin da ke sa su bi ruwan jini. Duk da haka, hanta da saifa suna tara su, kuma mai ciwon jijiya shekaru zai yi yana karɓar magani, alhali gwajin dabba makonni ne ko 'yan watanni.