Tafiya Warra: Lokaci Ya Fi Nisa Muhimmanci

Wanda zai je Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a kudancin jihar Kebbi, yakan fara da tambayar kuɗin mota da nisan hanya. A ganina tambayar da ta fi dacewa ita ce: a wane wata za a yi tafiyar, kuma da ƙarfe nawa? Jirgin sama iyakarsa Birnin Kebbi, daga nan sai an yi sa'o'i a mota ta Jega da Koko zuwa Yawuri, sannan Warra. Mai fitowa daga Neja zai bi ta Kwantagora. Wanda kuwa yake Borgu, a tsallaken kogin Kwara, ruwa ne hanyarsa, kuma a nan ne lissafin lokaci yake zama batun rai.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100. Ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka, aka tashi dubban mutane. Kututturan wasu itatuwan suna nan a ƙarƙashi har yau. Tafkin yana samun cika sau biyu a shekara: farin ruwa na daminarmu daga wajen Agusta, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso cikin hunturu. Daga bazara zuwa farkon damina ruwa yana ja da baya, kututture ya matso kusa da cikin jirgi, kuma daidai lokacin ne hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi, yawanci da yamma. A irin wannan lokaci ne, cikin Mayun 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa. Don haka mai shirin ƙetarewa ya yi sammako, ya guji jirgin ƙarshe na ranar kasuwa wanda ake danƙara wa buhuna da babura, ya sa rigar kariya, kada kuma ya yarda da tafiyar dare, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta haramta.

Wani zai ce wannan shawarar mai hali ce, domin talakan da ya kai kifi ko gero kasuwa ba shi da zaɓi, kuma titin ma ba tsira ba ne, tunda a Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Akwai gaskiya a ciki. Amma hujjar tana ƙarfafa maganar lokaci ne, domin titin ma da rana ake binsa, bayan an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki. Jiran jirgin safe yana cin kuɗin kwana ɗaya ne kawai, kuma sauri ya haifi nawa. Wani kuma zai ce ajali ba ya wuce ranarsa, sai dai tawakkali bai hana ƙirga fasinja ba.

Abin da ya fi ƙarfin matafiyi yana wuyan hukuma: rubuta sunayen fasinjoji a kowace mashiga, ƙayyade lodi, cire kututture ko sa masa alama, da ba sarkin ruwa ikon hana jirgi tashi idan hadari ya haɗu. Kafin a samu haka, matafiyi ya tsara ranarsa yadda la'asar za ta same shi a masauki.