Gurgu a Idon Yaro: Abin da Iyaye Ke Koyarwa a Kan Iyakar Jibiya

Babbar hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi ta ratsa Jibiya ne, ta bi Magama, sannan ta tsallaka Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Duk inda motoci ke tsayawa jiran jami'an kwastan da na shige da fice, nan mabarata ke taruwa, kuma ba a rasa guragu a cikinsu: wani a kan keken hannu mai ƙafa uku, wani a kan ɗan katako mai tayoyi, ya zura tafin hannunsa cikin silifa yana tura kansa. Uwa a cikin mota za ta kwance bakin zane ta ciro naira hamsin, amma ba za ta miƙa da kanta ba, sai ta danƙa wa ɗanta: "Ungo, ba shi sadaka." Niyyarta kyakkyawa ce, tana so ɗanta ya tashi da hannun kyauta. Sai dai yaron ya koyi wani abu na biyu da ba ta nufa ba, wato gurgu mutum ne da ake miƙa wa kuɗi ta taga.

Bahaushe ba ya ƙin nakasasshe. Yaron da ya kwaikwayi tafiyar gurgu, kafin ya rufe baki babba ya kwaɓe shi: "Kul! Kai ma ba a gama halittarka ba." Tun zamanin da, garuruwanmu na da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu faɗa a ji a tsakanin jama'arsu. Matsalar tana cikin tausayin ne kansa, domin tausayi ne da ya riga ya yanke wa mutum matsayi. Ana jin ƙansa, ana ciyar da shi, amma ba a sa ran komai daga gare shi. A ranar da ya aiko neman auren 'yar gidan, nan ake jin "a dai yi haƙuri". Idan kuwa mace ce mai lalurar, abin ya fi tsanani.

Da yawa daga cikin guragun da suka manyanta a wannan yanki shan inna ce ta taɓa su. Iyaye da dama sun ɗauka aikin iska ne, Inna ce ta shanye ƙafar yaro, don haka wurin boka ko mai bori aka fara nufa, ba asibiti ba. Elisha Renne, wadda ta yi bincikenta a Zariya, ta yi bayanin wannan fahimta a littafinta na 2010 kan siyasar cutar a Arewa. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafi a Kano da wasu jihohi bisa zargin tana hana haihuwa, ba a koma ba sai a 2004, kuma cutar ba ta tsaya neman biza a bakin iyaka ba. Ko a 2012 yara 122 ta kama a Nijeriya, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran 2012 yanzu sun kai shekarun sakandare. Tambayar ita ce suna aji, ko suna bakin titi.

Abin lura, gurgu ba ya buƙatar makaranta ta daban kamar makaho ko kurma. Idonsa na gani, kunnensa na ji, ƙwaƙwalwarsa garau. Buƙatarsa ita ce keken da zai kai shi, gangara a ƙofar aji maimakon matakala, da makewayin da zai shiga ba tare da ya ja jiki cikin ƙazanta ba. Wannan na ƙarshe, da mutane ke jin nauyin ambata, shi ke mayar da yara mata da yawa gida. Uwa kuma, don gudun kada a tsokani 'yarta, sai ta ce zaman gidan ya fi. Ta kare ta daga dariyar rana ɗaya, ta hana ta abin dogaro na tsawon rai. Su ma sauran yaran an cuce su, domin wanda ya zauna benci ɗaya da gurgu, ya ga ya kayar da shi a lissafi, da wuya ya sake kallonsa a matsayin abin ba sadaka.

Addinin da muke taƙama da shi bai tsaya ga sadaka ba. Amru ɗan Jamuhu yana ɗingishi ya fita yaƙin Uhudu. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, gurgu mai shanyayyen hannu, shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. A kusa da mu ma, Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa ta masu shan inna a Kano kekunan guragu suke ƙerawa da hannunsu, shi kuwa Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Yara nawa ne a Jibiya iyayensu suka taɓa ba su labarin ko da ɗaya daga cikin waɗannan?

Doka dai akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai son sanin inda aka kwana, ya ƙirga matakala a makarantar firamaren unguwarsu.

Ga kuma sabon rukuni da ya ƙaru. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Jibiya sun bar mutane da harsashi a ƙashi, wasu an yanke musu ƙafa ko hannu, kuma da yawansu magidanta ne da suka saba noma da fatauci. Ba su da Sarkin Guragu, ba su san bara ba, kuma 'ya'yan da ke tura kekensu zuwa masallacin Juma'a nasu ne na cikinsu.