Rabon Kebbi a Aikin Tarayya: Ina Kason Sakaba?

Da zarar an buɗe ɗaukar ma'aikata a Kwastan ko wata ma'aikatar tarayya, maganar da matasan Dirin Daji, a ƙaramar hukumar Sakaba, ke yi ɗaya ce: in ba ka da uwa a gindin murhu, kada ka ɓata kuɗin data. Da gaskiyarsu, amma wannan saddaƙarwar ce ke sa wasu na cinye rabonsu hankali kwance.

Tsarin raba daidai ya shiga kundin tsarin mulki tun 1979, yana kuma nan a sashe na 14(3) na kundin 1999. A 1996 gwamnatin Abacha ta kafa Hukumar Raba Daidai. Ƙa'idarta ita ce kowace jiha ta samu kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na ma'aikatan kowace hukumar tarayya. Ƙananan ma'aikata kuwa, daga mataki na 01 zuwa 06, kashi 75 cikin ɗari daga yankin da ma'aikatar take za a ɗauko su. Wannan ya shafi mutanen ƙasar Zuru, har da Sakaba, kai tsaye, tunda ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a ƙofarsu.

Masu sukar tsarin na cewa yana kashe cancanta, a bar gwani a ɗauki ɗan jiha. Masu kare shi na cewa boko bai iso ko'ina lokaci ɗaya ba. A ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Dokar ba ta yafe wa kowa takardar shaida ba. Ɓarnar tana wajen rabon: gurbin na jiha ne, kuma Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta. Ana iya cika kasonta tsaf ba ɗan Sakaba ko ɗaya a ciki. Mafi muni, baƙon da bai taɓa taka Dirin Daji ba sai ya samo takardar indijin, ya shige da sunanmu. Duk hakimi ko dagacin da ya sa wa wanda bai sani ba hannu, ɗan gida ya kora.

A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, har wani tsohon ma'aikacin Hukumar Raba Daidai ya amsa cewa ya karɓi kuɗin masu nema. An kuma ji yadda ma'aikatu ke samun izinin ɗauka ba tare da talla ba.

Saboda haka kada ka sayar da sa ko gona don "silot". Da yawa daga masu saye takardar bogi ake ba su, sai ranar tantancewa asiri ya tonu. Ka nemi indijin ɗinka da kanka a sakatariya, ka tabbata sunanka da ranar haihuwa sun yi daidai da na NIN, ka cike fom ko da kana shakka. Masu buƙata ta musamman ma su sani, dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta nemi a ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari a ma'aikatun gwamnati.